Shekarar da Muka Ɗinka Ɓawon Boru

Ku samarin da kuke zama a bakin rumfata kuna jiran a gyara muku takalmi, ina jin abin da kuke faɗa in kun ɗauka kunnena ya mutu. Wai dukanci ba wani abu ba ne, a yanka fata, a shafa gam, a danna, shi ke nan. Ban ga laifinku ba, abin da kuka tarar ke nan. Ni lokacin da na shiga sana'ar nan babu gam a Illela. Ɗinki ne ke riƙe fata da fata, zaren ɗinkin ma na fata ne, kuma kai za ka fere abinka.

Aikin farko da mahaifina, Baba Mamman, ya ba ni shi ne firar zaren nan. Za a miƙo maka jemammiyar fatar akuya, ka shimfiɗa ta a kan katako, ka sa aska daga gefe kana zagayawa kana shiga ciki, har fatar gaba ɗaya ta koma zare guda mai tsawo. In ya yi kauri ba zai bi hudar basilla ba, in ya yi siriri zai tsinke ran da mai kaya ya fi bukatarsa. Damina biyu na yi a kan wannan kafin a bar ni in huda fatar sayarwa. Kayan aikinmu ba su da yawa. Akwai aska mai lanƙwasa, da basilla manya da ƙanana, da dutsen wasa aska, da katakon aduwa da ake yanka a kai, wanda tsakiyarsa ta lotsa tun zamanin kakana. Rini uku muke yi: ja na karan dafi, rawaya na gangamau, da baƙi da ake kira kuloko, wanda ake jiƙa kashin maƙera a samu. Fata kuwa wurin majema muke sayowa. In ka kai ta hanci ka ji bagaruwa ta ratsa ta, to ta jemu.

Gafaka ce aikin da na fara gamawa ni kaɗai, ta wani malami mai makaranta a unguwarmu. Sau uku ya dawo da ita, wai marfin yana danne gefen takardun Alƙur'aninsa. Daga wurinsa na koyi cewa malamai sun fi kowa ido a kan ɗinki. Fulani su kube suke so da rufin laya, kuma Bafillatani zai tsaya a kanka yana kallo har ka gama. Buzaye suna zuwa da raƙuma daga arewa a yi musu jakunkuna masu tuntaye. Mutanen Ƙonni kuma ranar kasuwa suke tsallako iyaka da kuɗinsu na sefa, su tim-tim suke saye, matashin zaman nan na fata da ake cusa wa audugar rimi. A tim-tim aka san Baba. Samansa ƙyalle-ƙyallen fata ne masu tsini da suke haɗuwa a tsakiya, kuma Baba bai taɓa auna ko ɗaya ba. Da ido yake yankawa, kowane ƙyalle da wurinsa, in ka musanya biyu ba za su zauna ba. Yana ganin wannan shi ne ƙwarewa, ni ma haka na ɗauka.

An yi 'yan shekaru da samun mulkin kai, ni kuma na yi aure har da 'ya ɗaya, sai boru ya shigo da kaka. Ku ba ku san shi sosai ba. Ciwon dabbobi ne da ke fasa bakin saniya da tsakanin kofatonta, ta yi ta dalalar da miyau tana ɗingishi, ba ta kiwo, nono ya ƙafe. Manyan shanu sukan tashi bayan sun rame, amma maruƙa faɗuwa suke yi. Hukuma ta rufe kara, wato kasuwar shanu, ta hana dabba shiga ko fita, ta hana a ɗauki ɗanyar fata daga gari zuwa gari. Majema suka kife tukwanensu. Fulani da Buzaye suka daina shigowa. Rumfunan dukawa bakwai ne a layinmu, sai ka zo da hantsi ka tarar da mu duka muna wasa askar da ba abin da za ta yanka. Kafin wata biyu har an fara maganar wa zai tafi cin rani kudu, wa zai zauna da tsofaffi. Baba ya ce in aka kai tsakiyar rani ba a buɗe kara ba, ni ma in ɗaure kayana.

A cikin wannan hali ne Malam Isiyaku ya zo rumfarmu. Shi ne malamin dabbobi da ke kula da shanun da ke ƙetare iyaka, mutumin ƙasar Zazzau, siriri mai yawan tambaya, bai daɗe da dawowa daga ƙarin karatu ba. Ya gaida Baba, ya zauna a kan buzu, ya zaro wata takarda daga cikin littafi. Hoto ne a jiki, wani abu dunƙulalle kamar goruba, amma jikinsa duk fuska-fuska ne masu kusurwa uku. Ya ce wannan shi ne kamannin ƙwayar da ke kawo boru. Ƙanƙantarta ta wuce a gan ta da madubin asibiti, sai da wata babbar na'ura mai aiki da lantarki, ita ma inuwa-inuwa take nunawa, masana suka zana sauran. Abin da muke gani a hoton ɓawonta ne. A ciki akwai wani abu kamar zare a naɗe, shi ne ainihin cutar, ɓawon kuma shi ke tsare shi daga rana da iska har ya isa bakin wata saniyar.

Ya gaya mana damuwarsa. Ya yi ta roƙon makiyaya su tsaya wuri ɗaya, su riƙa wanke ƙafafunsu da igiyoyi da ƙoren tatsa kafin su shiga wani garken, ba wanda ya saurare shi. Su a wurinsu boru iska ce, ba a wanke iska. Wasu har sun fara kewayawa da shanu ta dajin Gidan Katta don kauce masa, ciwon kuma yana bin su. Muddin yana yaɗuwa ba za a buɗe kara ba. Yana so a yi masa wannan abu da fata, babba, wanda mutum zai riƙe a hannu ya juya, ko in sun taɓa za su yarda cewa abu ne mai jiki.

Baba ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, "Malam, to wa ka ɗunka mata shi cikin cikin saniya?"

Malam Isiyaku ya ce, "Baba, ba mai ɗinkawa. Jikin saniyar ne ke zubo gutsattsarin, dukansu iri ɗaya, su kuma su haɗa kansu."

Baba ya miƙa masa takardarsa, ya ce shi shekararsa hamsin yana haɗa fata, bai taɓa ganin wadda ta tashi ta nemi 'yar'uwarta ba. Amma tunda ba wani aiki, Sanda zai gwada. Ni ne Sanda.

Washegari na ɗauko ragowar ƙirgi, wato jemammiyar fatar sa mai kauri, na fara. Malam ya ce sharaɗi ɗaya ne, kowane ƙyalle ya zama daidai da ɗan'uwansa, ba babba ba ƙarami. Don haka na je wurin maƙeri ya yanko mini gwangwani mai kusurwa uku, gefensa uku duk tsawo ɗaya, ina ɗora shi a kan fata ina bi da aska. Baba ya kalli gwangwanin ya kawar da kai. Na jera ƙyallayen yadda hannuna ya saba da saman tim-tim, tsininsu na haɗuwa a tsakiya. Shida suka cika da'ira cif, suka kwanta lumui. Na ji daɗi, na ci gaba da ƙarawa a gefe, ko'ina shida-shida. Kwana biyu ina ɗinki, abin sai faɗi yake yi. Na tashi da shimfiɗa wadda mutum zai yi salla a kai, ba alamar za ta lanƙwasa balle ta rufe.

Na kai wa Malam, shi ma ya rasa inda aka kuskure, don a littafi ya karanta, bai taɓa haɗawa da hannu ba. Muka dawo rumfa muna juya hoton. Baba yana gefe yana gyaran wani tsohon wasaki, gugan nan na fata, kamar ba ya jinmu. Can sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Shidda kwanciya sukai. Ɗebe guda."

Na warware da'ira ɗaya, na cire ƙyalle guda, saura biyar, ga giɓi a tsakani. Na jawo bakin giɓin na haɗa. Ina haɗawa fatar ta tashi a hannuna, tsakiyarta ta turo sama kamar ɗan ƙoƙo. Ban matsa ta ba, ban jiƙa ta ba, rashin ƙyalle ɗayan nan ne kawai ya tashe ta. Na yi wani ƙoƙon, na kara gefensa da na farko, suka zauna. Kowane ƙoƙo gefe biyar gare shi, kowane gefe yana karɓar ƙoƙo ɗaya. Ban lissafa nawa za a bukata ba, ina yi ina karawa, abin yana lanƙwasowa da kansa kamar ya san inda za shi. Da na sa na goma sha ɗaya sai ga rami ya rage mai gefe biyar, na yi na goma sha biyu, ya faɗa ciki ba ragi ba ƙari. Ƙoƙo goma sha biyu, ƙyalle sittin, duk daga gwangwani ɗaya. Na cusa audugar rimi kafin in rufe, ya fito dunƙulalle kamar kabewa.

Baba ya karɓa ya juya shi ta ko'ina yana neman ƙyallen da aka rage wa baki don ya shiga. Bai samu ba. Ya tambayi Malam ko gaske ne na cikin saniyar ma haka yake, Malam ya ce iyakar abin da masana suka gano ke nan: gefen kowane guntu an yi shi ne yadda ba abin da zai kama sai gefen ɗan'uwansa, kuma a karkace kaɗan, don haka in suna yawo a ruwan jiki suna karo da juna, duk wanda ya dace sai ya manne, ƙarshensu dole su rufe. Baba ya ce to ashe aikin ba a ɗinki yake ba, a yanka yake. Daga ran nan ya daina kawar da kai in na ɗauko gwangwanin.

Malam ya nuna wa na gaba da shi, aka ce a yi guda huɗu a raba wa sauran wuraren duba shanu, kuma cikin kwana shida, kafin taron da ya kira na ardo-ardo. Ni kaɗai ba zan iya ba, ga kuma 'yan'uwa zaune ba aiki. Na yanka ƙyallayen huɗun duka, muka haɗa ƙoƙuna arba'in da takwas, na zuba su a tabarma a tsakiyar layi, na nuna wa kowa yadda ake karawa, na tafi wurin majema neman ragowar fata. Da na dawo da la'asar sai na tarar da abin dariya. Kowane baduku a cikin bakwai ɗin nan ya ja ƙoƙuna ya fara nasa, don ba mai son ya zama ɗan taya wani. Na kan tabarma sun ƙare kakaf. Ga rabin ƙwallo bakwai, wani mai ƙoƙo shida, wani mai takwas, babu ko ɗaya da ya rufe, kuma babu abin da za a rufe shi da shi.

Dole aka warware uku don a cika huɗu, a nan kuma na ga wani abu. Waɗanda suka yi ɗaurin wucin gadi, suka ɗan kama gefe da gefe sako-sako kafin su yi ɗinkin gaske, nasu zare ɗaya aka ja ya rabu, fatar lafiya lau. Amma akwai wani ƙanen Baba mai ƙarfin hannu, shi tun daga farko ya yi ta dannawa yana ƙullewa, kuma ya haɗa ƙoƙo huɗu a kusurwar da uku ya kamata su haɗu. Nasa ya murɗe kamar busasshen takalmi. Ba ya gaba, ba ya waruwa, sai da aska, muka yi asarar ƙoƙo biyar, sai da na yanka wasu.

Wannan ya tsaya mini a rai. Na tambayi Malam, su na cikin saniya da ba mai raba musu aiki, me ke hana su fara ɗari a lokaci ɗaya gutsattsarin su ƙare ba wanda ya rufe? In kuma guntu ya manne a inda bai dace ba, wa ke warware shi? Na ce ni a ganina sai dai in kamun da suke yi wa juna da farko sako-sako ne, mai kuskure ya saki ya sake, sai an rufe duka ƙarfin ya zo. Kuma sai in farawar ce ke da wuya, ƙarawa kuma da sauƙi, yadda kaɗan za su fara, sauran su bi. Malam ya ce wallahi bai sani ba, littafinsa bai kai nan ba. Ya rubuta tambayar a takarda ya aika wa wanda ya koyar da shi. Amsar da ta zo daga baya gajeriya ce, wai su ma abin da suke nema ke nan.

Ana saura kwana biyu taro Malam ya zo da wata bukata. Maganin wanki da hukuma ta ba shi ya ƙare, amma ya karanta cewa ɓawon boru ba ya jure tsami, in ya ji shi sai ya rabu ƙoƙo-ƙoƙo, zaren ciki ya fito ya lalace. Tsamiya kuwa ba ta yankewa a ƙasar nan. Yana so in yi masa biyu waɗanda in an tsoma a ruwan tsamiya za su watse a gaban mutane. Na ce zan iya, in ɗinke kowane ƙoƙo da kyau, amma tsakanin ƙoƙo da ƙoƙo in manna da ƙaro da siririn tsumma. Sai dai na gaya masa ƙaro ba ruwansa da tsami, ko ruwan rijiya ne zai narke. Ya ce kwatanci ne kawai, ba wanda zai kula. Na yi su, na naɗe jan zaren fata mai tsawo na sa a cikin kowanne.

An yi taron da hantsi a gindin gawon da ke bakin kara. Makiyaya sun zo da dama, amma wanda kowa ke duban bakinsa shi ne Ardo Buba, dattijo mai garke a wajen Darna, wanda ya riga ya rasa maruƙa a wannan ciwo. Malam ya yi bayani, aka miƙa ɗinkakken ƙwallon yana zagayawa hannu zuwa hannu. Sannan ya sa aka kawo ƙwarya cike da jiƙon tsamiya, ya tsoma ɗaya daga cikin na ƙaron. Kowa ya zuba ido. Jim kaɗan tsumman ya saki, ƙoƙunan suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, jan zaren ya taso saman ruwa. Mutane suka matso, na ga fuskar Malam ta saki.

Ardo Buba bai matso ba. Ya nuna ɗayan da sandarsa ya ce, "Wanga na biyu, a sa shi cikin ruwan banza mu gani."

Malam ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Aka kawo ruwan rijiya, aka tsoma, ya watse kamar na farko. Dariya ta tashi, wasu har sun fara kaɗe rigunansu za su tafi. Na ɗauka aikin ya lalace ke nan, kuma ni ne zan ɗaure kaya in bi hanyar kudu.

Malam bai yi gardama ba. Ya ɗaga murya ya ce Ardo ya yi gaskiya, wannan ƙaro ne, baduku ma ya gaya masa tun farko shi ne bai ji ba. Ya ce abin da ya nuna kwatanci ne, na gasken ba zai iya nuna musu ba don shi kansa bai taɓa ganinsa da idonsa ba. Abin da ya sani shi ne waɗanda suka gwada sun tarar ruwa ba ya yi masa komai, tsami kuwa yana kashe shi.

Ardo ya tsuguna a bakin ƙwaryar, ya tsamo jiƙaƙƙun ƙoƙunan, ya fara kara su a tafin hannunsa. Ya kara uku suka lanƙwaso, ya rushe, ya musanya su, suka sake lanƙwasowa haka nan. Ya yi ta yi kamar ya manta da mutane. Sannan ya tambayi Malam, ba tare da ya dube shi ba, ko tsamin nono ma tsami ne a wurin wannan abu. Malam ya ce ƙwarai, in nonon ya yi tsami sosai.

Ardo ya ce, "Innata, in boru ya shiga garke, ba ta barin maraƙi shi sha ga uwa tai. Sai ta tatse, ta aje shi kwana biyu shi yi tsami, kana ta ba shi. Muna yara muna ce mata mugunta ta kai. Nata maruƙa sun fi na kowa tsira. Ba ta taɓa hwaɗa muna dalili ba, ban tsammanin ita ma ta sani."

Wasu dattawa biyu suka ce su ma sun ga an yi haka a gidajensu. Daga nan maganar ta bar hannun Malam, ta koma tsakaninsu da Fulatanci, mu muna tsaye. Da suka gama Ardo ya faɗi abin da suka yarda da shi. Za su tsaya inda suke har ciwon ya wuce. Za a ajiye ƙwaryar tsamiya a bakin kowane garke, mai shiga da mai fita ya wanke ƙafa da hannu da igiya. Amma al'adarsu ta shafa miyan saniya mai ciwo a bakin sauran garken, don duk su yi shi lokaci ɗaya a huta, wannan ba za su bari ba. Malam ya so ya ja, ya ga ba wuri, ya karɓi abin da ya samu. Da za a watse Ardo ya tattara jiƙaƙƙun ƙoƙunan ƙwallo ɗaya, goma sha biyun nan, ya zuba a jakarsa, bai tambayi kowa ba.

Ba zan ce muku tsamiya ce ta kori boru ba, don ciwo ne da yakan ci ya ƙoshi ya wuce da kansa. Abin da na gani shi ne garkunan da ke gabas da Darna bai shige su ba, kuma an buɗe kara kafin zafin bazara. A layinmu mutum biyu ne suka riga suka tafi, sauran muka zauna. Ni kuma na sami wani aikin da ban nema ba. Hedimastan firamare ya ga ƙwallon a teburin Malam, ya ce a yi wa 'yan makaranta irinsa da fata mai laushi a sa roba a ciki. Shekaru da yawa ƙwallon da ake bugawa a filin makarantar nan daga rumfarmu yake fita, yaran kuma ba su san kamannin me suke harbi ba. Malam Isiyaku an ɗauke shi daga Illela a shekarar da soja suka karɓi mulki, ban sake jin labarinsa ba.

Bayan tafiyarsa da 'yan watanni, wata ranar kasuwa, ina cikin huda kube sai inuwa ta rufe ni. Ardo Buba ne. Muka gaisa, ya tambaye ni labarin Malam, na ce an yi masa canji. Sai ya buɗe jaka ya fito da ƙwallon. Ya haɗa shi da kansa a ruga, da zaren kaba, irin ɗinkin da ake yi wa fasasshiyar ƙwarya. Ɗinkin ba kyau, amma kowane ƙoƙo yana inda ya kamata. Gefe ɗaya ne kawai a buɗe. Ya ce kare ya ɗauke masa guda tun a hanya, ya gwada toshewa da fatar tunkiya, ya gwada da sakaina, ba abin da ya zauna.

Na ce ya bar shi ya dawo mako mai zuwa in auna ramin. Baba, wanda a lokacin idonsa ya fara rauni, ya ce daga inda yake zaune, "Mi za ka auna? Ɗauko gwangwaninka."

Na ɗauko, na yanka biyar, na haɗa su Ardo yana tsaye a kaina yana kallo. Na miƙa masa ƙoƙon ban ko kara shi da ramin ba. Ya ɗora, ya danna da babban yatsa, ya shige. Ya juya ƙwallon yana neman inda sabon yake, sai da launin fatar ya nuna masa. Na zare basilla zan ɗinke, ya riƙe hannuna. Ya ce in ba shi zaren kawai, shi ya fara abinsa, shi zai rufe.